Peugeot 504: Italiya ta zana ta, Afirka ta gwada ta, yau masu sayen tsohon ƙarfe ke yanka ta

A bayan garejin kanikawa da yawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, akwai wata kusurwa da ido ba ya cika tsayawa a kanta. A nan ake jingine motar da aka daina jiran mai ita. An cire mata tayu an ɗora ta bisa bulo, gilasanta sun dushe da ƙura, awaki na shan inuwa ƙarƙashinta, yaran gareji kuma na shiga ciki su ɗan runtsa idan rana ta take. In aka share ƙurar da ke bayanta, sau da yawa lambobi uku ne ke bayyana, 404 ko 504, na kamfanin Peugeot, wanda a bakin jama'a ya koma Fijo.

Ga matashin da ya buɗe ido ya tarar Toyota ta cika titi, wannan tarkace ne kawai da ke jiran masu sayen tsohon ƙarfe. Su kuwa ba sa tambayar shekarar mota ko tarihinta, sikeli suke ɗorawa su biya da kilo. Ƙarfen a yanka shi a loda, alminiyon kan injin kuma ya bi hanyar maƙera irin na kasuwar Katako ta Yamai, inda ake narka shi a zuba tukwane. Sana'a ce ta halak da ke ciyar da gidaje masu yawa, sai dai duk motar da ta shiga cikinta ba ta dawowa.

Abin da galibin masu sayarwar ba su sani ba shi ne, gidan da ya zana siffar waɗannan motoci shi ne gidan da ya yi shekaru yana zana wa Ferrari. Motar da ta yi dakon gero da awaki da fasinjoji tsakanin Maraɗi da Dakoro tana da ƴar'uwa mai ƙofa biyu da ta lashe manyan tseren motoci na Afirka. A Turai kuwa, danginta sun shiga gidajen tarihi, masu tara tsofaffin motoci suna farautar su.

Daga jirgin yaƙi zuwa tashar mota

Duk wanda ya kalli 404 ta baya zai ga gefunanta biyu sun ɗan tashi tsaye kamar fikafikai, fitilun baya na manne a jikinsu. Asalin wannan salo daga Amurka yake. A farkon shekarun 1940, Harley Earl, shugaban sashen zane na kamfanin General Motors, ya kai ma'aikatansa kallon wani jirgin yaƙi mai wutsiya biyu, Lockheed P-38 Lightning. Bayan yaƙin duniya na biyu, siffar wutsiyar nan ta fito a bayan Cadillac ta 1948. Daga nan kamfanonin Amurka suka shiga gasar tsawaita fiffike, har aka kai maƙura da Cadillac ta 1959.

A Italiya akwai mai kallon wannan gasa da idon basira. Battista Farina, wanda ake wa laƙabi da Pinin, wato ƙaramin gida a harshen yankinsu, ya buɗe masana'antar ƙera bodin mota a birnin Turin a 1930. Motarsa Cisitalia 202 ta 1947 ta yi kyan da ya sa gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya baje kolinta a 1951 kamar yadda ake baje sassaƙa. A farkon shekarun 1950 ya ƙulla alaƙa da kamfanoni biyu da babu abin da ya haɗa su. Ɗaya Ferrari, mai ƙera motocin tsere ƴan ƙalilan. Ɗayan Peugeot, mai ƙera motocin magidanta a garin Sochaux na gabashin Faransa. Ɗan fari na alaƙarsa da Peugeot shi ne 403 ta 1955. A 1961 hukumomin Italiya suka amince sunan iyalin ya koma Pininfarina.

Farina bai kwafi fiffiken Amurka yadda yake ba. Ya rage masa tsawo, ya miƙar da layin mota tun daga fitilar gaba har baya, ya faɗaɗa gilasai, ya siranta ginshiƙan rufi. Ya gwada wannan tsari a kan Lancia Florida II ta 1957, motar da shi da kansa ya riƙa hawa. Sannan ya sayar da salon ga wanda ya biya. Shi ya sa Austin Cambridge da Morris Oxford na Ingila da suka fito a 1959 suke kama da 404 kamar ƴan uwa ɗaya uba ɗaya.

An fito da 404 a watan Mayun 1960, watanni kaɗan kafin Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta. Injiniyoyin Peugeot sun kwantar da injinta mai silinda huɗu gefe guda, ya karkata da digiri 45, abin da ya ba mai zane damar sauke murfin injin ƙasa, direba ya riƙa ganin hanya sosai. Kyau da amfani suka haɗu wuri ɗaya. Ba a daɗe ba ta nuna ƙwarinta a gasar Safari ta gabashin Afirka, wadda ta lashe a 1963, 1966, 1967 da 1968.

Idanun 504

Wadda ta gaje ta, 504, ta makara wajen fitowa saboda yajin aikin da ya girgiza Faransa a watan Mayun 1968, wanda ya tsayar da masana'antar Sochaux. Sai a ƙarshen shekarar aka nuna ta, kuma ƴan jaridar motoci suka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969.

Babban mai zanenta a Pininfarina shi ne Aldo Brovarone, tare da ofishin zane na Peugeot da Paul Bouvot ke jagoranta. Brovarone ɗin nan shi ne wanda alƙalaminsa ya fitar da siffar Dino, ƙaramar motar gudu ta Ferrari. A lokacin yayin fiffike ya wuce. A maimakonsa sai aka ba 504 baya mai karyewa, murfin but ɗin ya miƙe kaɗan sannan ya gangara, alamar da ake gane ta da ita ko daga nesa ne cikin ƙura. A gaba kuma aka sa mata fitilu masu kusurwa huɗu da suka ɗan ɗage ta waje kamar ido mai kwalli. An daɗe ana ba da labarin cewa a Turin an kwatanta su da idanun ƴar wasan fim ɗin Italiya, Sophia Loren. Wannan kallo ya zama gadon gidan Peugeot, ya bi 505 da sauran waɗanda suka biyo baya.

Direbobin Sahel ba ido suka saya ba. Abin da ya ja su yana ƙarƙashin mota. Ƙafafunta na da doguwar tafiya sama da ƙasa, don haka tana shanye ramuka da kunyoyin hanyar burji ba tare da ta wujijjiga na ciki ba. Sandar da ke kai ƙarfin injin zuwa tayun baya tana cikin wani bututun ƙarfe da ke kare ta daga duwatsu da rairayi. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa. Mai dogon gida, wadda ke da layin kujeru uku, ita ta zama motar haya tsakanin garuruwa, a-kori-kura kuma ta zama jakin ƴan kasuwar ƙauye. An ƙera 504 sama da miliyan 3, kuma ko da Faransa ta daina ƙera ta gida a 1983, wasu ƙasashe sun ci gaba.

Ƴar'uwa mai ƙofa biyu

A baje kolin motoci na Geneva a watan Maris na 1969, Peugeot ta nuna wasu motoci biyu masu ɗauke da lamba 504 amma ba su yi kama da ta gida ba: Coupé mai ƙofa biyu da rufin ƙarfe, da Cabriolet mai rufin tamfol da ake naɗewa. Franco Martinengo na Pininfarina ne ya jagoranci zanensu. An gajarta tazarar da ke tsakanin tayun gaba da na baya da santimita 19, an sauke rufin, an tsawaita gaban, kuma babu fallen bodi ko ɗaya da suka haɗa da 504 da aka sani. Na farko-farko suna da fitilu huɗu a gaba, da ƴan fitilu uku-uku a karkace a baya. A Turin ake haɗa bodinsu, injin kuma na Sochaux ne.

A 1974 aka ɗora musu injin V6 mai lita 2.7, wanda Peugeot da Renault da Volvo suka haɗa hannu suka ƙera, mai ƙarfin dawaki 136, daga baya ya kai 144. Sai dai ya zo a mummunan lokaci, domin tsadar man fetur ta 1973 ta sa Turawa gudun mota mai shan mai. Cabriolet mai V6 da aka ƙera ba su kai dubu ɗaya ba. Coupé da Cabriolet gaba ɗaya, daga 1969 zuwa 1983, ba su kai dubu 40 ba.

Sunan da ba ta yi a kasuwa ba, a hanyoyin Afirka ta yi shi. A wancan zamani gasar Safari ta Kenya da ta Bandama ta Kodebuwa su ne dodannin direbobin duniya, dubban kilomitoci cikin laka da ƙura da gadoji marasa tabbas. A gasar Bandama ta 1972 babu mota ko ɗaya da ta kai ƙarshe. A 1975, 504 mai ƙofa huɗu ta lashe Safari a hannun Ove Andersson ɗan Suwidin, ta lashe ta Maroko a hannun Hannu Mikkola, ta lashe Bandama a hannun Bernard Consten. Sai Coupé V6 ta karɓa: Timo Mäkinen ya ci Bandama da ita a 1976, Jean-Pierre Nicolas kuma ya haɗa Safari da Bandama a 1978.

Japanawa ma da aron salo suka shigo wannan fage. Datsun 240Z ta 1969, mai dogon gaba da gajeren baya irin na Jaguar E-Type ta Ingila, ta ci Safari a 1971 da 1973. Toyota Celica, musamman mai gangararren baya ta 1973, duk wanda ya gan ta ya ga ƙaramar Ford Mustang. Wani abin lura shi ne, Andersson ɗin da ya ci wa Peugeot Safari shi ne ya kafa kuma ya jagoranci ƙungiyar tsere ta Toyota a Turai. A ƙarƙashinsa Celica ta lashe Safari sau uku a jere, 1984, 1985 da 1986. Canjin da aka gani a fagen tsere shi ne aka gani daga baya a tashoshin mota, inda Toyota ta ture Fijo sannu a hankali.

Hanyoyi uku da suka kawo ta

Ta hanyoyi uku Fijo ta cika Nijar. Ta farko ita ce ta dillalai da hukumomi da ke shigo da sababbi. Ta biyu ta hamada ce. A shekarun 1970 da 1980, matasan Turawa kan sayi tsohuwar 404 ko 504 da araha a Faransa ko Beljiyam ko Jamus, su tsallaka teku zuwa Aljeriya, su gangaro ta Tamanrasset da In Guezzam, su shigo ta Assamaka zuwa Arlit da Agadas. Wasu a nan suke sayarwa, wasu su ƙarasa Tawa ko Yamai, kuɗin motar ya biya musu jirgin komawa gida. Motar da ta ƙetare wannan rairayi da ƙafafunta ba ta buƙatar wani talla.

Ta uku daga kudu take. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa 504, har ta kai ana ɗauko sassanta a jirgin sama daga Lyon zuwa Kano. Gwamnatin soja ta Olusegun Obasanjo ta mayar da Peugeot motar manyan jami'ai da nufin rage almubazzaranci. Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, sama da shekara 20 bayan Faransa ta daina. Ga mai mota a Maraɗi ko Damagaram, wannan na nufin kayan gyara na nan kusa, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, tafiyar yini guda.

Motocin tsere kuwa, mutanen Nijar ba a hoto kawai suka san su ba. Gasar Paris-Dakar ta farko ta tashi ranar 26 ga Disamban 1978 da motoci da babura 182, ta ratsa Agadas da Yamai, 74 kacal suka isa Dakar. Shekaru da dama bayan haka Tenere ce zuciyar gasar, kuma Mano Dayak na cikin ƴan ƙasa da suka yi aiki da masu shirya ta. Porsche 911 da aka ɗaga wa ƙafafu ta ci gasar 1984, Porsche 959 ta ci ta 1986, shekarar da wanda ya ƙirƙiro gasar, Thierry Sabine, ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali. Daga 1987 zuwa 1990 Peugeot ce ta riƙe kambin, da 205 Turbo 16 sannan 405 Turbo 16. Yaran da suka tsaya bakin hanya suna kallon waɗannan motoci masu ruri su ne magidantan yau. Da yawa cikinsu sun koma gida sun lanƙwasa waya da gwangwanin madara sun ƙera irinsu.

Daɗi da wahalar mallakar ƙofa biyu

504 Coupé ba ta taɓa yawa a titunan Nijar ba. Motocin gudu da matasan birane suka fi sani sun zo ne daga baya, cikin kwancen Turai da ya yi shekaru yana sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ya shigo ta Gaya: Golf GTI, 205 GTI, Celica, Honda Prelude, BMW mai ƙofa biyu, sai 406 Coupé ta 1997, wadda ita ma Pininfarina ya zana kuma ya haɗa a Italiya.

Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan mota, labarinsa kusan ɗaya ne da na ɗan'uwansa. Da daɗin ake farawa. Kujera ce a ƙasa-ƙasa, sitiyari mai nauyi da ke gaya wa hannu duk abin da taya ta taka, ƙarar injin da ke canza murya idan aka sauya giya, da yadda fada ke yin tsit a juyo a kalla idan an wuce da marece. Babu kwamfutar da ke gyara wa direba kuskure. In ya shiga kwana da gudun da ya wuce kima, shi da motarsa ne kawai.

Sai kuma wahalar. Ta farko ba ta inji ba ce, ta zaman jama'a ce. A ƙasar da mai mota ke rage wa maƙwabta hanya, ya kai mara lafiya asibiti, ya shiga jerin ɗaukar amarya, ƙofa biyu kan zama abin magana. Dattijo ba zai lanƙwashe da babbar riga ya kutsa kujerar baya ba. Ƙawayen amarya ba za su shiga su biyar ba. Mai irin wannan mota ya sha jin ana cewa ya sayi ta son kai, kuma sau da yawa aure ko haihuwar fari ne ke raba shi da ita.

Ta biyu hanya ce. Motar da aka ƙera don kwaltar Turai cikinta na kusa da ƙasa, rairayin unguwa na riƙe ta, tudun rage gudu na gurzar bututun hayaƙinta, damina kuma na mayar da wasu layuka haramtattu gare ta. Ta uku zafi. A watan Afrilu, idon mai tsohuwar mota rabi na kan hanya, rabi na kan allurar zafin injin, jarkar ruwa kuma ba ta barin but. Da sanyin hunturu sai an ja cok an lallashe ta kafin ta tashi, in batir ya yi sanyi a kira yaran unguwa su tura.

Ta huɗu ita ce samun mai gyara. Injin kafireta kowane tsohon bakanike ya san shi. Zai kwance, ya wanke da fetur, ya hure ƴan ramukan, ya goge buji, wanda a Najeriya ake ce wa fulogi, ya daidaita wuta da kunne. Amma motocin gudu da yawa suna da famfon fesa mai, kamar na Kugelfischer da ke kan 504 Coupé, wanda saitinsa ke son kayan awo da haƙuri. Inda babu wanda ya iya, mafita ɗaya ce, a cire a sa kafireta. Motar za ta tashi, amma ta rasa wani abu na ƙarfinta da darajarta. In kuwa fitilar baya ko gilashin gefe ya fashe, na 504 ta gida ba ya shiga, sai a jira wani ɗan'uwa mai zuwa daga Turai. Da yawa daga motocin da ke bisa bulo a yau, wani ƙaramin abu irin wannan ne ya zaunar da su, aka ce sai an samo, shekaru suka wuce.

Abin da ake zubarwa nan, ana nemansa can

Ƴan Nijar mazauna Faransa da Beljiyam suna ganin ɗaya fuskar labarin. Titin Heyvaert na Brussels ya yi suna wajen tara kwancen motoci masu zuwa Afirka ta Yamma. A ƙasashen nan kuma, tsohuwar mota mai tarihi tana da gata. A Faransa, motar da ta kai shekara 30 tana iya samun takardar musamman ta kayan tarihi. Tun 1976 ake baje kolin Rétromobile a Paris, a 1988 kuma Peugeot ta buɗe gidan tarihinta a Sochaux. Coupé ko Cabriolet mai lafiya, kuɗinta dubban yuro ne masu yawa, alhali kowane yuro dubu ɗaya ya haura jika 655 na sefa.

Su kansu kamfanonin sun koma tonon tsohon zane. A baje kolin Paris na 2018 Peugeot ta nuna e-Legend, motar gwaji mai aiki da lantarki wadda aka ɗauko siffarta daga 504 Coupé. A 2022 Porsche ta fitar da 911 Dakar, guda 2,500 kacal, don tunawa da nasarar 1984. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, kuma masu zanen mota sun yarda da hakan.

Tarihin mai mota ma na ƙara mata kuɗi. A 2011 an yi gwanjon farar 504 ƙirar 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, aka saye ta a kan kusan dalar Amurka miliyan 2 da rabi, da nufin gina gidaje ga mabuƙata.

Akwai kuma wata fa'ida da Sahel ke da ita. Babban makashin tsohuwar mota a Turai shi ne tsatsa, saboda danshi da gishirin da ake watsa wa hanyoyi lokacin ƙanƙara, kuma bodin da aka haɗa a Turin a wancan zamani ya yi ƙaurin suna wajen ruɓewa. Busasshiyar iskar Agadas ko Tawa ba ta cin ƙarfe haka. Rana na fasa robobi, ta ƙone kujeru, ta cinye fenti, amma ƙashin motar kan daɗe.

Kafin a kira mai sikeli

Wannan ba ya nufin duk Fijon da ke bayan gida dukiya ce. Wadda ta yi shekara 20 tana haya, aka yi mata walda sau ba adadi, aka sauya mata inji sau uku, kuɗin tayar da ita zai iya fin abin da za ta kawo, balle a ce za a yi dakonta zuwa Turai. Amma akwai bambanci tsakanin sayar da abu bayan an san shi da sayar da shi cikin duhu, musamman a rabon gado, inda motar marigayi kan shiga lissafi da farashin ƙarfe don kawai babu wanda ya tambaya.

Abubuwan dubawa ba su da yawa. Na farko, ƙaramin allon ƙarfe da ke cikin ɗakin injin, mai ɗauke da nau'in mota da lambarta, a gwada shi da abin da ke cikin kart-giriz. Na biyu, yawan ƙofofi da siffar fitilu, da ko akwai tambarin Pininfarina a gefen bodi. Na uku, ko injin na asali ne. Na huɗu, ƙasan motar da gindin ƙofofi, inda tsatsa ke fara ci. Fitilu da tambura da agogunan gaban direba da ƙarafunan ado kada a ɓalle su a watsar, domin su ne suka fi wuyar samu. Hoton waya ta kowane gefe, a tura wa ɗan'uwa da ke waje ko a nuna wa tsohon bakanike, ya isa a san ko abin a tsaya ne ko a sallama. In an yanke shawarar ajiyewa, a ɗaga ta daga ƙasa, a rufe ta daga rana, a adana takardunta da tsofaffin hotunanta wuri guda.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfen saurin ƙarewa. Kanikawan da suka koyi aiki a kan 404 suna yara, yau sun manyanta, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Yaran da ke garejinsu na koyon karanta na'urar gano matsala da ake jona wa sababbin motoci, kuma daidai ne, domin a nan abincinsu yake. Amma saita wuta da kunne, da gane ciwon inji daga launin hayaƙi, da sanin wane sashe na 404 ke shiga 504, ba a rubuce suke ba. Wanda ke da irin wannan dattijo a unguwa, ko mahaifin da ya taɓa tuƙa Fijo daga Damagaram zuwa Agadas kafin a shimfiɗa kwalta, yana iya zama kusa da shi da marece, ya kunna rikodar wayarsa, ya tambaye shi yadda aka yi.